Murjani dabba ce, kuma kiwonsa sai an shirya

Duk wanda ya taɓa halartar biki a Maine-Soroa ya ga yadda matan Mangawa ke ado da murjani, amma ba kowa ya san cewa asalinsa dabba ce ba. Jan murjanin gaske, wanda fatake suka riƙa kawowa Barno daga Tarabulus, ƙashin wasu ƙananan halittu ne na tekun Bahar Rum.

Murjanin yana da wani dangi mai ƙashin dutse, wanda a Turai da Amurka ake kiwo cikin tankin gilashi a falo. Jikinsa cike yake da ƙananan bakuna, kowanne kewaye da 'yan yatsu masu laushi. Idan yana cikin jin daɗi sai ya miƙo yatsun, har dutsen ya zama kamar ya tsiro gashi. Da zarar wani abu ya dame shi kuwa sai ya janye su. Abin da mai kiwo ke fara dubawa ke nan.

Sharaɗi na farko shi ne ruwa. Ana son gishiri giram 35 a kowace lita, zafin ruwan kuma ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27, ba yau sama gobe ƙasa ba, domin canjin gaggawa ya fi komai sa shi ƙudundunewa. Sai famfo mai kaɗa ruwan ta ko'ina kamar igiyar teku, amma kada ya riƙa dukansa kai tsaye. Haske ma da sannu ake ƙara shi, saboda akwai wani ɗan gansakuka a cikin naman murjanin da ke samar masa abinci daga haske. Da yawansu sai dare suke fitowa farauta, don haka bayan an kashe fitila ake ba su abinci. Idan duk an cika waɗannan bai fito ba, to a binciki kifayen tankin, wataƙila akwai mai cizonsa.

To, a Maine fa? Ruwan Komadugu ba na gishiri ba ne. Kada kuma mangul da kanwar kwarurukan Manga su ruɗi mutum, haɗinsu daban da na teku. Dole sai an sayo gishirin da aka haɗa musamman. Babbar matsala ita ce bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wuta ta ɗauke wuni ɗaya, na'urar sanyaya ruwa ta tsaya, murjanin zai iya korar gansakukan nan, ya koma fari fat.

Irin wannan ne ke faruwa a teku. A watan Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da cewa ɗumamar ruwa ta jawo wa murjani wannan fari a faɗin duniya, karo na huɗu tun daga 1998.

A ganina, wanda ba shi da sola da batir mai kwana da wuta, gara ya fara da karfasa ko tarwaɗa, waɗanda suka saba da ruwanmu.