Daga Dauran Zuwa Tudun Jos: Abin Da Hawa Ke Yi Wa Mota Da Fasinja

Mutumin da ya tashi a Dauran, ko Zurmi, ko Shinkafi, idan aka ce masa dutse, abin da zai faɗo masa a rai shi ne Kwatarkwashi, wanda ake wucewa ta gindinsa bayan an bar Gusau an nufi Tsafe. Dutse ne da ake kallo ta taga a wuce, mota ba ta hawansa. Ƙasar arewacin Zamfara shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi da fadama da gonakin gero, ido yana cin nisa ba abin da ya tare shi. Shi ya sa ɗan wannan yanki, ran da tafiya ta fara kama shi zuwa Jos, lissafinsa ba ya wuce abu biyu: kuɗin mota da lafiyar hanya. Duka biyun suna kan gaba, babu musu. Sai dai akwai na uku da ba a cika tunawa da shi ba, wato tudun kansa.

Kafin a kai ga tudu sai an fita daga gida, kuma a shekarun nan wannan ne ɓangaren da ya fi tayar da hankali. Daga Dauran hanya biyu ce: ko a bi ta Zurmi a faɗa Jibiya da Katsina, ko a gangaro Ƙaura Namoda a bi Gusau, Tsafe da 'Yankara. Kowace an sha fama da 'yan bindiga a kanta, har ta kai a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako. Direbobin yankin sun koyi tambaya kafin su tashi, ba sa sammako da duhu, ba sa yarda magariba ta same su a daji. Wanda ya isa Gusau yana iya zarcewa ta Funtuwa da Zariya da Pambeguwa. Amma 'yan kasuwa da yawa sukan kwana a Kano, su yi sari a Kwari ko Singa, washegari su nemi motar Jos a tashoshin da ke bakin titin Zariya.

A tasha babu agogo, kujera ce agogo. Bas ɗin da aka fi samu ita ce Toyota Hiace, wadda ake kira Homa, sai kuma ƙananan motoci irin su Sharon. Ɗan kamasho yana ta kiran "Jos mutum ɗaya!" alhali saura biyar, kuma kowa ya san haka, har shi mai kiran. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, kuma ba direban da zai ɗaga da kujera ko ɗaya a banza. Akwai takardar da ake rubuta sunan fasinja da lambar wani ɗan'uwansa. Mutane da yawa suna raina ta, wani ya rubuta sunan ƙarya, wani ya ce bai da lokaci. Idan tsautsayi ya gitta, da ita jami'an kiyaye haɗurra ke neman dangi, kuma ga wanda danginsa ke can ƙauyen Zurmi, ba wata hanyar da za a same su da wuri sai ita.

Tsakanin Kano da Jos wajen kilomita 300 ne. Ana bin titin Zariya har Kwanar Dangora, a karya hagu a nufi Tudun Wada, sannan a shiga dajin Falgore. A nan ƙasa ke fara sauya kama. Itatuwa su yi duhu, duwatsun Riruwai na ƙaramar hukumar Doguwa su fara leƙowa. Daga waɗannan tuddai ne ruwan Kogin Kano ke gangarowa ya taru a madatsar Tiga, wadda ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa. Daga nan sai Saminaka a jihar Kaduna, inda masara ke da arha kuma hanyar 'yan Zariya ke haɗuwa da ta 'yan Kano, sai Jengre, sai hawa.

Kano tana kimanin mita 480 sama da teku. Jos tana wajen mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinta kuwa sun haura 1,800. Ke nan cikin 'yan sa'o'i mota ta ɗaga fasinjojinta sama da mita 700, kuma kaso mai yawa na wannan hawa a ƙarshen tafiyar yake. Masana yanayi sun ce a matsakaici, kowace mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da digiri shida da rabi. Wanda ya bar Kano yana fifita da hula zai sauka a Jos yana neman abin rufa. A watannin Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, da damina kuma ruwa kan zo da ƙanƙara.

Mutanen ƙasar Sakkwato sun san wannan sanyi tun kafin a san Homa, kuma ba da daɗi suka san shi ba. Turawa sun fara haƙar kuza a wannan tudu a farkon shekarun 1900. Saboda kuzar aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, wanda ya isa Jos a 1914, aka ci gaba da amfani da shi har 1957. Shi kuwa layin Ƙaura Namoda an buɗe shi a 1929, ya zama ƙarshen dogo a wannan kusurwa, ana lodin gyaɗa da auduga. A wancan zamani ɗan ci-rani na iya shiga jirgi a Ƙaura, ya sauya a Zariya, ya sauka a filin kuza. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, Ingila ta matsu da kuza, sai aka kafa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944. An ɗebo dubban talakawa daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai, aka zuba su a barikoki ba bargo ba isasshen abinci. Da yawa ciwon ƙirji da sanyi suka kashe su. Sunayen wurare irin su Barikin Ladi, Gangare da Dogon Dutse suna nan suna shaida yadda Hausa ta hau tudun tare da leburori da fatake.

Yau ba wanda ake ɗauka da ƙarfi, amma har gobe ana ganin saurayi ya sauka a Farin Gada da 'yar shara da silifa, haƙora na kaɗawa. Rigar sanyi ɗaya da safa sun isa su raba shi da wannan wahala, kuma gara a sa su cikin jakar hannu, don kayan da aka ɗaure a but ba mai kwance su a tsakiyar hanya. Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan muni. Baƙo ya ji sanyi ya shigar da kaskon gawayi ɗaki, ya rufe ƙofa da taga, ya kwanta. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci mai nauyi, wani ba ya farkawa. Idan za a ji ɗumi a ji, amma a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Jiki ma yana ba da labarin hawan. Kunne kan toshe kamar an cusa auduga, saboda nauyin iskar waje ya ragu, ta cikin kunne kuma ba ta daidaita ba tukuna. Haɗiyar yawu ko hamma ko tauna cingam suna buɗe shi, jariri kuwa a ba shi nono. Masu jiri da amai a kwana-kwana su nemi kujerar gaba ko ta tsakiya, su kalli nesa, su ajiye waya, kada su cika ciki da abinci mai maiƙo a Saminaka. Ciwon nan na ƙarancin iska da ake ji a labarin masu hawan manyan duwatsun duniya yakan fara ne daga wajen mita 2,500, saboda haka mai zuwa Jos ba ruwansa da shi.

Mota ta fi fasinja jin jiki. Inji da iska yake ƙona mai, kuma iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Kanikawa da injiniyoyi kan ƙiyasta cewa inji marar tabo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Haɗa wannan da bas mai mutum goma sha takwas, an danƙara buhuna a baya har ƙofa ba ta rufuwa sai da igiya. Sai ka ji tana kuka a giya ta biyu, allurar zafi na hawa. Idan ta tafasa aka tsaya, kada kowa ya matsa wa yaron mota ya buɗe murfin lagireto nan take, domin ruwan da ke ciki zai yi tsiri ya sale masa fuska. A jira ta huce, a sa dutse a bayan taya.

Amma hawa bai kai gangara kisa ba. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar gogayya, gogayya kuma zafi take haifarwa. Direban da ya ɗora ƙafa a birki tun daga kan tudu har ƙasa yana dafa shi ne. Takalmin birkin ya yi zafi ya daina kamawa, man birki ya tafasa, a taka a ji fedar ta nutse ba komai. Direban da ya san hanya giya ta ƙasa yake sawa tun kafin gangarar, injin ya riƙe motar, birki ya zama na taimako. Mummunar ɗabi'ar da tsadar mai ta ƙara yaɗawa ita ce sakin mota a firi, wasu har da kashe inji, wai ana tsimin fetur. A yawancin motoci inji na mutuwa birki da sitiyari suke yin tauri. Duk wanda ya san Hawan Kibo, a kan hanyar Jos zuwa Akwanga da Abuja, ya san gawarwakin tireloli da tankoki da ke kwance a gefensa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu tun 2017, sai dai na'urar mai take rage wa inji, ba ta riƙe motar da nauyinta ke ja zuwa ƙasa.

A nan fasinja yana da baki. Mutanenmu suna da kunyar yi wa direba magana, wani ma gani yake kamar rashin tawakkali ne. Alhali dattijo ɗaya ya ce "Malam direba, don Allah a sa mata giya, ba sauri muke ba" yakan isa, musamman idan sauran suka mara masa baya maimakon su yi tsit. Warin ƙauri daga ƙafafun mota a gangara dalili ne na a tsaya.

Shiga garin Jos ma yana son sani. Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun raba unguwanni, kuma a ranar 14 ga Agusta, 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba aka kashe fiye da ashirin. Yawancin ranaku garin lafiya lau yake, Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Ibo suna cin kasuwa ɗaya. Duk da haka direban da ya saba da garin ya fi wanda ke bin taswirar waya, kuma isa da rana ya fi isa da dare.

Wanda Jos ba ta ishe shi ba, akwai Mambila a jihar Taraba, inda hawan ya fi tsanani nesa ba kusa ba. Daga Jalingo ake bi ta Bali da Serti, kusa da gandun dajin Gashaka-Gumti, har Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan titi ke nannaɗewa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya rami a ɗayan, hazo na rufe gaba, har a fito Maisamari da Nguroje da Gembu, a tsayin da ya kai mita 1,500 zuwa sama. Can ne gonar shayi ta Kakara take, da shanun Fulani a kan ciyawa mai kama da darduma. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya da mita 2,419, yana wannan yanki a kan iyakar Kamaru. Ƙaramar hukumar sunanta Sardauna, don ƙasar ta shigo Nijeriya ne bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ya yi wa kamfe. Daga Dauran, wannan tafiya ce ta kwana biyu zuwa uku.

Komawa gida daga Jos ita ce ta fi buƙatar lura, don a lokacin ne motar ta fi nauyi kuma hanyar gangara ce. Ɗan kasuwa ya sayi dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, da kabeji da karas a Farin Gada, duk an ɗora. Zai cire rigar sanyi tun kafin Saminaka, ya kwana a Zariya ko Funtuwa, ya yi waya gida ya ji labarin hanya, sannan ya kama motar Gusau da hantsi don ya wuce Ƙaura Namoda kafin la'asar.