Jakar Kayan Gyaran Mota Domin Fita Rangadi

Duk wanda ya san Wudil ya san motoci ba su yankewa a kan gadarta, balle ran Jumma'a da kasuwar shanu ke ci. Makanikai kuwa ba su da wuyar samu cikin gari. Amma aikin Hakimi ba a bakin kwalta ya tsaya ba. In ya fita rangadi, ko aka kira shi ƙauye da damina ya raba gardamar manoma da makiyaya, mota ta mutu a daji, to, ba shi da mataimaki sai abin da direba ya ɗauko. Sau da yawa abin da ya tsai da motar ƙanƙane ne, watau kan batir ya kwance ko fis ya ƙone, amma don rashin sifana guda sai a kwana a hanya, talakawa na can suna jira.

Ga yadda ake yin jakar. A sami tamfol mai kauri, tsawonsa kamu biyu, faɗinsa kamu ɗaya da rabi. A ninko gefen ƙasa, tela ko baduku ya ɗinke shi aljihu-aljihu, kowane ƙarfe da gidansa daidai girmansa. A bar leɓe daga sama wanda zai rufo kawunan ƙarafan, a sa igiya a gefe, sa'an nan a naɗe kamar tabarma. Jakar fata ta fi kyaun gani, ba shakka, amma takan riƙe laima ƙarfe ya yi tsatsa. Amfanin gidajen nan shi ne, da an shimfiɗa jakar, gidan da ya zama wayam zai nuna abin da aka manta cikin ciyawa.

Wajen zuba kaya, a lura da irin motar. Motocin Japan sun fi cin sifana mai lamba 10, 12, 14 da 17, na Turai kuwa, irin su Peugeot, ba su rabuwa da 13. A haɗa da filaya, da sukuddireba iri biyu, mai baki da mai tauraro, da sifanar fulogi, da 'yar guduma, da tocila. Gida guda a keɓe shi ga fis, da tef, da guntun waya. Jak da sifanar taya ba su shiga jaka, amma lalle a ajiye guntun katako tare da su, gama ƙasar bakin kogi rairayi ce, jak yakan nutse.

Ana roƙon malaman Hakimai su rubuta sunayen kayan a takarda biyu, ɗaya cikin jakar, ɗaya a ofis. A ƙidaya kafin a tashi, a sake ƙidayawa in an komo. Ran da aka sauya direba kuma, sabon ya karɓa a gaban malam, ya sa hannu.