A Ɗauki Hoton Ƙwaro Kafin A Sayi Magani

A daminar da ta wuce wani dattijo daga wajen Katuru ya aiko mana da hoto ta wayar jikansa. Ya ce tsutsa ta faɗa masa a masara, wane magani zai saya? Muka duba hoton, muka juya shi sama da ƙasa. Ganye dai mun gani, da yatsan yaron, da wani ɗan baƙin abu a tsakiya wanda ba mai iya rantsewa ko tsutsa ce ko kashin akuya. Muka ce, "Baba, a yi haƙuri a sake ɗauka." Kafin a sake, ya riga ya tafi kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ya sayo kwalba biyu na abin da mai shago ya miƙo masa.

Ba mu ga laifinsa ba. A dā malamin gona yakan hau babur ya zo ya gani da idonsa. Yanzu kuwa kowa ya san halin da hanyoyin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi suke ciki saboda 'yan bindiga. Akwai ƙauyukan da mukan yi watanni ba mu taka ba, hoto ne yake zuwa mana a madadin gona. Da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara cikin Satumba ta 2021, har wannan ma ya tsaya na wani lokaci. To, tun da hoto ya zama manzo, tilas ne a koya masa faɗin gaskiya.

Me ya sa sai an matso kurkusa? Domin alamun da ke raba ƙwaro da ƙwaro ƙanana ne ƙwarai. Ga misali sabuwar tsutsar masara, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne. A Janairu ta 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya, masana na cibiyar IITA ta Ibadan suka tabbatar da ita. Daga nesa ba ta da bambanci da sauran tsutsotsi. Amma a goshinta akwai zane kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiyarta kuma akwai baƙaƙen ɗigo 4 a jere kamar kusurwoyin ɗaki. In waɗannan biyu sun fito a hoto, magana ta ƙare.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, watau ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. Mu kanmu mun taɓa yin kuskure a nan. Farkon fara aikinmu, bayan mun fito kwalejin horon malamai, mun ga wasu 'yan baƙaƙen halittu masu kama da jaririn kada a kan wake, muka ce a fesa. Ashe 'ya'yan jan ƙwaron nan ne mai ɗigo-ɗigo a baya, mai siffar ƙwarya a kife, wanda abincinsa darɓa ce. Muka kashe masu gadi, darɓa ta dawo ta fi ta dā yawa. Mai gonar bai ce mana kome ba, abin da ya fi zafi ke nan.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun yi nisa a wannan sani. Akwai tsutsar da ke cin zangarniyar gero, ta bar hanya a murɗe kamar an naɗa zare. Masana na cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, suna kiwon wani ɗan zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Akan sa mata biyu cikin 'yar jakar algarara tare da gero da wasu tsutsotsin da za su hayayyafa a kai, a rataye kusa da gonaki. 'Ya'yan da suka fito su ne ke bin tsutsar gero suna kashewa. Manomin da bai taɓa ganin hoton wannan aboki da girma ba, yaya zai san shi har ya ƙyale shi?

Sai maganar kayan aiki. Masu sana'ar hoto suna da gilashi na musamman da ake ɗaura wa kyamara, wanda ke fitar da ƙwaro mai santimita 1 a kan santimita 1 daidai a cikin kyamarar, sa'an nan in an buga hoton ya zama ƙato. Wasu kan sa zobba tsakanin gilashin da jikin kyamara don ta iya matsowa, su kafa ta bisa ƙafa uku. Magabatanmu a wannan aiki da fim mai hoto 36 suka yi, sai an kai birni an wanke kāna su san ko ya yi. Irin waɗannan kaya sai an sayar da sa, ba mu kuwa ba kowa shawarar haka.

Abin da muke amfani da shi ɗan gilashi ne mai maƙali, wanda ake maƙala wa idon wayar hannu. Akan same shi wurin masu sayar da kayan waya a manyan kasuwanni. In babu, gilashin ƙara girma mai ninki 10 ya isa, a riƙe shi a manne da idon wayar. Ƙungiyar manoma ɗaya, gilashi ɗaya, ya wadatar. Jan hoto da yatsu biyu don ya ƙara girma ba ya ƙara kome sai hazo.

Wahalar tana wurin ɗauka. Da gilashin maƙali sai wayar ta matso kamar faɗin yatsa biyu daga ƙwaron, kuma wurin da ke fitowa sarai bai fi kaurin farce ba. In kai ya fito, wutsiya ta ɓace. Saboda haka tsutsa hoto biyu take so, ɗaya na kai, ɗaya na wutsiya, daga sama. Hannu kuwa ko numfashi aka ja sai ya motsa. A zauna a ƙasa, a dafa gwiwar hannu bisa turmi a kife, a ɗauka sau biyar ko shida, a zaɓi ɗaya. A goge idon wayar tukuna, gama ƙurar aljihu ta ɓata hotuna da yawa.

Lokaci mafi kyau shi ne da sassafe, sa'ad da sanyi bai saki ƙwari ba. A ɗora ƙwaron bisa farar takarda, a inuwa mai haske, kada a kunna fitilar waya, don takan sa jikinsa ƙyalli har alamun su ɓace. A ajiye tsinken ashana a gefensa domin mu san girmansa.

A 2018 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Jami'ar Penn State ta Amurka sun fito da wata manhajar waya mai suna Nuru, wadda ke duban ganyen masara ta gane ɓarnar sabuwar tsutsa, ko babu layi. Tana da amfani, amma ita ma in an nuna mata hazo, hazo za ta gani.

Wanda zai aiko mana, ya haɗa da hoton ganyen da aka ci da na shukar gaba ɗaya, ya faɗi kwana nawa da shuka, da ko an riga an fesa wani abu. Jikan dattijon nan na Katuru yanzu shi ke riƙe da gilashin ƙungiyarsu. Hoton da ya aiko na ƙarshe, ɗigo huɗun nan sun fito har ana iya ƙirga gashin da ke kansu.