Waya da Kwamfuta: Wane Ne Maigida a Ciki?



In kaka ta yi, aka sai da gyaɗa da wake da riɗi, ƴan ci-rani kuma suka aiko da abin da ya samu, sai ka ji mutum ya ce bari ya sayi babbar waya, irin wadda ake shafawa. Wata ƙungiyar manoma kuma ta ce lokaci ya yi da za ta sayi kwamfuta domin lissafinta. Kuɗin nan da gumi aka same su. Bai kamata a zuba su a kan abin da ba a sani ba.

Mai saye yakan dubi launi, da faɗin gilashi, da sunan da ke bayan waya. Amma akwai abin da ido ba ya gani, alhali shi ke mulki a ciki. A kansa za mu yi bayani yau.

Mece ce babbar manhaja?

Ku dubi gandu. Ga gona, ga shanun huɗa, ga rumbu, ga majiya ƙarfi. Amma in babu maigida, aiki ba ya tafiya. Shi ke cewa wane ya yi huɗa, wane ya kai taki. Mabuɗin rumbu yana hannunsa. In baƙo ya zo, shi ke ba shi masauki.

Haka waya take, haka kwamfuta take. Gilashi da batir da ƙarafan ciki su ne gona da kayan aiki. Maigidan kuwa shi ake kira babbar manhaja. In ka taɓa gilashi, ita ke ji. Ita ke raba wutar batir. Ita ke ajiye hotuna da lambobin mutane. WhatsApp da Facebook da makamantansu ƙananan manhajoji ne, kamar ƴan ƙodagon da ke aiki ƙarƙashin maigida.

Kowane maigida da harshensa. Ɗan ƙodagon da aka horar domin wannan gida ba ya jin umurnin wancan. Saboda haka manhajar da aka yi domin wani maigida ba ta shiga gidan wani, sai masu ita sun yi wata dabam dominsa.

Manyan masu gidan guda 5 ne: 2 a waya, 3 a kwamfuta.

Na cikin waya: Android da iOS

Android na kamfanin Google ne na Amurka. Wayar farko mai ɗauke da shi ta fito a 2008. Google ya bar kamfanoni da yawa suna sa shi cikin wayoyinsu. Shi ke cikin Samsung ta Koriya ta Kudu. Shi ke cikin Tecno da Itel da Infinix masu shafawa, waɗanda duka ukun na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, mai suna Transsion. Shi ya sa akwai Android mai tsada, akwai mai araha. Tun 2017 ma akwai wani marar nauyi da ake kira Android Go, domin ƙananan wayoyi.

iOS na kamfanin Apple ne, shi ma na Amurka. Ba a samun shi sai cikin iPhone, wadda ta fara fitowa a 2007. Mu faɗi gaskiya, waya ce mai kyau. Hotonta yana da kyau, tana daɗewa kamfani na kula da ita, kuma miyagun manhajoji ba su cika shigarta ba. Amma sabuwarta ta kai kuɗin bijimi.

To, wanne ya dace da aikinmu?

Na farko, maganar layi. Mu a bakin iyaka muke. Mai cin kasuwar Magariya yana cin ta Maigatari. Yana bukatar layin Nijar da layin Najeriya cikin waya ɗaya. Yawancin Tecno da Itel ramin layi biyu gare su. Yawancin iPhone rami ɗaya gare su. Waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka kuwa, tun daga iPhone 14 ta 2022, ba su da rami ko ɗaya, sai layin da kamfanin waya ke sa musu ta intanet.

Na biyu, gyara. In gilashin Itel ya fashe, ba a rasa mai gyara da kayan gyara kusa. Na iPhone ya fi tsada, sau da yawa kuma sai an kai ta Damagaram ko Kano.

Na uku, rubutunmu. Kun sha wahala kafin ku iya ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Kada waya ta raba ku da su. Wanda ya so rubuta "ƙaya ta soke ni" ya rubuta "kaya", ai ya rikita mai karatu. A Android akwai allon rubutu mai suna Gboard. In aka zaɓi Hausa a cikinsa, baƙaƙen nan masu lanƙwasa suna fitowa. iPhone ma ta samu allon Hausa a 2023. A nan dai ba wanda ya kayar da wani. Wasu wayoyin Tecno da Itel ma ana iya juya umurninsu zuwa Hausa. Ku ce mai sayarwa ya nuna muku.

Na huɗu, neman aiki. Ƙungiyoyin raya karkara sukan ɗauki matasa aikin ƙidaya da tambayoyi a ƙauyuka. Da yawansu suna aiki da wata manhaja mai suna KoboCollect, wadda aka yi domin Android. Ana cika takardun tambaya cikinta ko babu rezo, a aika daga baya.

Sai kuma lokacin hutu. Bayan isha'i mutum yana son jin karatu ko wa'azi, ko kallon fim ɗin Hausa, ko kokawar gargajiya. Mafi yawanmu ba daga intanet muke ɗauko su ba, domin kuɗin ya yi yawa. Wurin masu turawa a kasuwa muke zuwa, a zuba mana cikin memori. Yawancin Android masu araha suna da ramin memori, da yawa kuma suna kama rediyon FM ba tare da cin kuɗi ba. iPhone ba ta da ramin memori, ba ta kama FM, kuma ba ta karɓar waƙa ko hoto daga Android ta Bluetooth. Mai ita a majalisa yakan koma ɗan kallo in ana musayar waƙoƙi.

Na cikin kwamfuta: Windows da macOS da Linux

Windows na kamfanin Microsoft ne, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975. Windows na farko ya fito a 1985. Shi aka fi samu a ma'aikatu, da shagunan buga takardu, da wurin masu tura finafinai. Amfaninsa shi ne kowa ya san shi. In sakataren ƙungiya ya rikice, ba zai rasa malamin lakkwal ko ma'aikacin da zai nuna masa ba. Kusan kowane injin buga takarda yana tafiya da shi. Wasannin ƙwallo da samari ke so, mafi yawansu dominsa aka yi su. Aibinsa biyu ne. Na kuɗi ne, shi da Word na rubutu da Excel na lissafi. Kuma shi ne miyagun manhajoji, waɗanda ake kira bairos, suka fi kai wa hari. Sukan bi filash daga wannan kwamfuta zuwa waccan, kamar yadda ƙwari ke bin buhu daga rumbu zuwa rumbu.

macOS na Apple ne, yana cikin kwamfutarsu mai suna Mac, wadda ta fara fitowa a 1984. Masu haɗa fim da masu ɗaukar waƙa suna yabon sa. Amma tsada gare shi, masu gyaransa kuma kaɗan ne ko a birni. Ƙungiyar ƙauye ba ta da bukatarsa.

Linux labarinsa dabam ne. Wani ɗalibi ne, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991 a Helsinki, ƙasar Finlan. Bai sayar ba. Ya bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya ƙara nasa gyara. Aikin gayya ke nan. Iri-iri ne. Wanda aka fi sani shi ne Ubuntu, wanda wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar a 2004. Shi kansa Android a kan tushen Linux aka gina shi. Linux kyauta ne, bairos ɗin Windows ba su cin sa, kuma akwai marasa nauyi da ke tayar da tsohuwar kwamfuta. Yakan zo da LibreOffice, wanda ke rubuta wasiƙa da lissafin buhuna ba tare da an biya ko dala ba. Yana nuna fim, yana kunna waƙa. Matsalarsa ita ce waɗanda suka iya shi kaɗan ne a yankinmu, kuma Word da wasu wasanni ba su shigarsa kai tsaye.

Maigida ma yana tsufa

Ga inda mutane da yawa ke asara. Kowace babbar manhaja tana da lamba, kamar shekarun haihuwa. Kamfani yakan riƙa aiko mata da gyara, kamar yadda ake toshe darni inda awaki suka huda. In ta tsufa, sai ya daina.

A watan Oktoba na 2023, WhatsApp ya daina aiki a kan duk Android da bai kai lamba 5 ba. Wayoyin lafiyarsu lau, amma saƙo ya tsaya. Windows 7 an daina kula da shi a watan Janairu na 2020. Windows 10 kuma, ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya tsai da gyaran da ya saba aika wa kowa. Kwamfutar ba ta mutuwa, amma darni ne da aka bar gyarawa. Tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba su da ƙarfin ɗaukar Windows 11, wanda ya fito a 2021. Irinsu ne Linux ke yi wa rana. Amma kafin a sa shi, a kwashe takardun ƙungiya a ajiye wani wuri, domin sabon maigida yakan share rumbu.

Kafin ka miƙa kuɗi

1. Tambayi kanka: wane aiki zan yi da ita? In kira ne kawai da rediyo da tocila, ƙaramar waya mai maɓalli ta ishe ka, cajinta kuma ya fi daɗewa.

2. Ka ce a nuna maka lambar babbar manhaja. Tana wurin gyare-gyaren waya, inda aka rubuta Paramètres in wayar da Faransanci take. In lambar ta tsufa ƙwarai, ka haƙura, ko da an yi maka araha.

3. In wayar ta sha hannu, mai ita ya fitar da sunansa da lambar sirrinsa a gabanka. iPhone da aka kulle da sunan wani ba ta buɗuwa. Android ma yana da irin wannan kulli.

4. Ka rubuta ƙ da ɗ da hannunka, ka ga sun fito.

5. Ka tambaya: in ta lalace, wa zai gyara, kuma a wane gari?

Shawararmu ke nan: ga manomi da ɗan kasuwa da mai sana'a a gida, Android mai lamba sabuwa. Ga sakataren ƙungiya, Windows, domin zai samu mai taimaka masa. Ga tsohuwar kwamfutar da aka ba makaranta kyauta, a gwada Linux in akwai wanda ya iya sa shi. Wanda Allah ya hore wa, yana kuma zuwa birni, ba laifi ya sayi iPhone. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ku tattauna a makaranta

Wayoyi nawa ne a ajinku? Ku duba, wane maigida ne cikin kowace, kuma lambarsa nawa? Wa ya taɓa sayen waya ya yi da-na-sani, kuma me ya sa? Malami ya taimaka wa kowa ya sa allon Hausa, sa'an nan kowa ya aika wa ɗan'uwansa da ke ci-rani gaisuwa a rubuce. Ku rubuto mana abin da kuka gano. Matambayi ba ya ɓata.