Yadda VR Ke Taimaka wa Yara Masu Jinya Su Motsa Jiki

Yaron da ya ƙone, ko ya daɗe kwance a sashen kulawa ta musamman, tsokarsa kan zube, gaɓoɓinsa su sage. Maganin hakan atisaye ne, amma akwai zafi, yara kuwa kuka suke sakawa su ƙi.

A nan VR ke da amfani, wato na'urar da ake ɗaurawa a ido mutum ya ga kansa a wata duniya. A Jami'ar Washington ta Amurka, Hunter Hoffman da David Patterson sun samar da wasan SnowWorld domin waɗanda suka ƙone. Majiyyaci na shawagi cikin kwazazzabon ƙanƙara yana jifa da curinta, ma'aikacin lafiya kuma na miƙar masa da hannu. Hankali ba ya rabuwa biyu yadda ya kamata: in wasa ya ɗauke shi, kaɗan ke ragewa ga raɗaɗi. Ƙanƙarar ma da gangan aka zaɓe ta, kishiyar wuta ce.

Na'urori irin su Meta Quest suna bin motsin hannu, don haka miƙa hannu cikin wasan shi ne atisayen.

Sai dai takan sa wasu jiri da tashin zuciya, kuma dole a tsaftace ta kafin wani yaron ya saka.