Hular Leza da Sanƙo: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙara wa Gishiri

Tallan yakan zo ne da hotuna biyu gefe da gefe. A na hagu, magidanci ne tsakar kansa ta yi fayau. A na dama, shi ne dai bayan 'yan watanni, suma ta rufe ko'ina. Tsakaninsu kuma ga wata hula ko mataji mai fitar da jan haske, tare da alkawarin cewa mintuna kaɗan a rana sun wadatar. Irin wannan talla ya cika Facebook da TikTok da Instagram, kuma ya raba mutane gida biyu. Wasu sun gaskata cewa an samo maganin sanƙo an huta. Wasu na rantsuwa cewa damfara ce tsagwaronta, har da masu cewa hasken yana ratsa ƙoƙon kai ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko ya jawo ciwon daji. Duka ɓangarorin biyu sun zarce gona da iri.

Asalin abin ba daga 'yan kasuwa ya fito ba. A 1967, shekara bakwai bayan ƙera leza ta farko a duniya, wani likitan tiyata mai suna Endre Mester yana gwajin hasken leza a kan ɓeraye a Jami'ar Semmelweis da ke Budafes, babban birnin Hangare. Bincikensa ya shafi ciwon daji ne, gashi ba ya cikin lissafinsa. Amma da yake sai an aske bayan ɓerayen kafin a haska su, sai ya lura cewa gashin waɗanda aka haska da leza mai rauni ya riga na sauran fitowa. Daga wannan lura aka samu fannin jinya da haske mai ƙarancin ƙarfi. An yi shekara arba'in kafin abin ya samu izinin hukuma a matsayin kayan gida: a 2007 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba matajin HairMax LaserComb izinin shiga kasuwa domin maza, sannan ta ƙara da mata a 2011. Bayansa wasu suka biyo, irin su Capillus da iRestore da Theradome, wasu a siffar hular hana-salla, wasu kamar hular kwano.

Fahimtar abin da na'urar za ta iya yana bukatar sanin yadda sanƙon gado yake kama mutum. A kan ɗan Adam akwai gashi wajen dubu 100, kowane sili da tushensa a cikin fata. Silin yakan yi shekara biyu zuwa shida yana tsawo, sai ya huta na kusan wata uku, ya faɗi, sabo ya maye gurbinsa. Shi ya sa zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Ga wanda ya gaji sanƙo kuwa, wani sinadarin jiki da ake kira DHT, wanda ke samuwa daga sinadarin mazakuta, yana ƙanƙantar da tushen gashin gaban goshi da na tsakar kai sannu a hankali. Duk zagaye gashin yana fitowa ya fi na baya siranta da gajarta, har ya koma kamar gashin jariri, daga ƙarshe ya daina fitowa.

Jan hasken da waɗannan na'urori ke fitarwa yana tsakanin nanomita 630 zuwa 680 ne a ma'aunin zangon haske, kuma kowane ƙwan fitila ɗaya da ke cikinsu ba ya wuce miliwat 5. Ƙarfin bai kai ya ƙona fata ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, hasken yana zaburar da sashen da ke samar da kuzari a cikin ƙwayoyin halittar tushen gashi, ya tayar da waɗanda suka kwanta hutu, ya kuma tsawaita lokacin da gashi ke girma. Taki ne ga shukar da ta yi yaushi. A inda iri ya mutu, babu abin da zai tsirar. Nan ne ƙaryar farko ta tallace-tallace take. Wanda kansa ya yi shekaru yana sheƙi sumul, babu hular da za ta dawo masa da sumar samartaka. Takardun izinin na'urorin da kansu sun taƙaita su ga matakin farko da na tsakiya na sanƙon gado.

To, shin ko ga masu matakin farkon ma suna aiki? Masu cewa damfara ce zalla sun yi kuskure a nan. An yi gwaje-gwaje na haƙiƙa, inda aka raba mutane kashi biyu, wasu da na'urar gaske, wasu da ta bogi mai kama da ita, ba tare da sun san wacce aka ba su ba. Mafi girma a cikinsu an wallafa shi a 2014, ya ƙunshi maza 128 da mata 141 na tsawon mako 26. Waɗanda suka yi amfani da matajin gaske sun samu ƙarin gashi wajen sili 20 a kowane murabba'in santimita, masu na bogi kuwa ƙarin nasu bai kai goma ba. Wasu gwaje-gwaje na mako 16 da aka yi da hular kwano sun nuna ƙarin yawan gashi da ya haura kashi 30 cikin 100 a wurin da aka ƙirga. Wani nazari na 2017 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya sanya hasken leza cikin hanyoyin da suka fi na bogi tasiri ga maza.

Sai dai akwai abubuwa uku da mai talla ba zai faɗa ba, kuma suna da nauyi. Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje kamfanonin da ke sayar da na'urorin ne suka ɗauki nauyinsu. Wannan bai mayar da sakamakon ƙarya ba, amma dalili ne na taka-tsantsan. Sannan gwaje-gwajen gajeru ne, yawancinsu wata huɗu zuwa shida, alhali sanƙo abu ne na shekaru. Na uku, ƙarin sili 20 da aka ƙirga ta hoton da aka ƙara wa girma daban yake da canjin da maƙwabci zai gani daga nesa ya yi magana. Abin da mai sa'a zai samu shi ne raguwar zuba da ɗan kauri, wasu kuma ba za su ga komai ba.

Hujjar da 'yan kasuwa suka fi dogaro da ita ita ce hatimin FDA, kuma a nan ma ana yi wa mutane rufa-rufa. Hukumar tana da hanyoyi daban-daban. Sabon magani sai ya bi ta manyan gwaje-gwaje kafin a amince da shi; ta haka minoxidil na shafawa ya samu amincewa a 1988, ƙwayar finasteride kuma a 1997. Hulunan leza ta wata gajeriyar hanya suke bi, wadda ake kira 510(k), inda babban abin da ake nema daga kamfani shi ne ya nuna cewa na'urarsa daidai take da wata da ke kasuwa tun tuni. Ma'ana, hula na iya samun izini ba tare da an taɓa gwada ita kanta a kan mutane masu yawa ba. Izinin na gaske ne, kuma ya fi rashinsa nesa ba kusa ba, amma ba shaida ba ce cewa gashi zai fito.

Akwai wani layi a cikin takardun izinin da ya kamata ya tsayar da duk Bahaushen da ke shirin fitar da kuɗinsa. Likitocin fata suna da ma'aunin Fitzpatrick, wanda ya kasa launin fata gida shida, daga fari fat zuwa baƙi wuluk. Izinin yawancin waɗannan na'urori ya tsaya ne a kashi na ɗaya zuwa na huɗu. Akasarin mutanen Kano da Damagaram da Kumasi suna kashi na biyar da na shida. Ba wai an gwada an ga na'urorin suna cutar da baƙar fata ba ne. Cire masu baƙar fata aka yi daga manyan gwaje-gwajen, kuma dalilin da aka fi bayarwa shi ne wahalar ƙirga baƙin gashi a kan baƙar fata ta hoto. Ga shi kuma sinadarin da ke ba fata duhu yana shanye wani ɓangare na haske kafin ya isa tushen gashi, sannan cunkusasshen gashi mai murɗe yana tare shi tun daga sama, wanda shi ne ma dalilin da ya sa aka yi wa matajin haƙora masu buɗa gashi. Don haka alƙaluman da ke jikin kwali ba a kan irin fatar mai sayen nan aka samo su ba, kuma rashin adalci ne a sayar masa da na'urar ba tare da an gaya masa haka ba.

Babban kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne ɗaukar duk zubewar gashi a matsayin abu guda. Matar da gefen goshinta ya cinye, sau da yawa ba gado ba ne, jan kitso ne: ƙananan kitso masu tsauri, ƙarin gashi mai nauyi, da ɗaure gashi tamau, musamman a kan gashin da aka riga aka raunana da man miƙarwa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 daga Kef Tawun a Afirka ta Kudu ya samu irin wannan cinyewar a kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da aka duba. Maganinta na farko sassauta kitso ne tun kafin tushen ya mutu. Akwai kuma wata zubewar da ta fi kama mata baƙar fata, wadda ke farawa daga tsakar kai tana faɗaɗa, tana barin tabo a cikin fata; ita kumburi ne ke cin tushen gashin, kuma duk watan da aka ɓata ana jiran hula, gashi ne ke tafiya ba dawowa. Mai jego da gashinta ke kakkaɓewa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, ko wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani, yawanci gashinsu da kansa yake dawowa; idan sun sayi hula a lokacin, hular ce za ta sha yabon da ba nata ba. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da matsalar maƙoƙo suna zubar da gashi, kuma gwajin jini ke gano su. Makeron da ke cin kan yara maganin sha yake so.

Ita kuwa hular gargajiya da ake ɗora wa laifi, ba ta jawo sanƙon gado. Zanna-bukar da kube ba su da hannu a ciki.

Batun haɗari shi ne inda tsoro ya fi gaskiya yawa. Jan haske ba ya cikin jinsin hasken da ke lalata ƙwayar halitta kamar na hoton ƙashi, kuma ba shi ne ɓangaren hasken rana mai ƙona fata ba. Babu shaidar cewa waɗannan na'urori suna haddasa ciwon daji ko taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da aka gani a gwaje-gwaje ƙanana ne: ƙaiƙayi, bushewar fatar kai, ɗan ɗumi ko ɗan ciwon kai. Wasu kan ga zuba ta ƙaru a makonnin farko, daga baya ta lafa. Wani ɓangare na tsoron ya samo asali ne daga rikita su da lezar cire gashi da ake amfani da ita a wuraren gyaran jiki. Waccan ƙarfinta ya ninka wannan nesa, aikinta ƙona tushen gashi ne da gangan, kuma tana iya ƙona baƙar fata idan ba a zaɓi wadda ta dace ba.

Duk da haka na'urar ba abin wasa ba ce. Leza ce, kuma ƙura mata ido na iya cutar da gani, saboda haka ba a barin ta inda yara za su ɗauka. Mai shan maganin da ke sa fata ta kasa jure haske, da mai wani gyambo ko tsiro a fatar kai da ba a san asalinsa ba, musamman zabiya, su fara ganin likita. Masu juna biyu ba a saka su cikin gwaje-gwajen ba. Sannan duk wannan magana ta aminci a kan na'urorin da aka tantance take. Hulunan araha marasa suna da ake turowa ta intanet, babu mai tabbatar da irin hasken da ke cikinsu ko ingancin batirinsu. Wasu ƙananan fitilu ja ne kawai aka jera. A Najeriya, rajistar kayan aikin lafiya na hannun hukumar NAFDAC, kuma mai saye yana da haƙƙin ya nemi ganin lambar rajista.

Wani kuskure mai yawa shi ne zaton cewa ƙara lokaci yana ƙara amfani. Binciken jinya da haske ya nuna akasin haka: akwai adadin da ke zaburar da ƙwayar halitta, idan aka wuce shi amfanin sai ya ragu. Yawancin na'urorin ana sa su ne sau uku a mako ko kwana ɗaya bayan ɗaya, daga 'yan mintuna zuwa rabin awa, gwargwadon umarnin kamfani. Kwana da hula a kai ba ya gaggauta komai. Kuma tun da hasken bai taɓa DHT ba, wanda shi ne tushen matsalar, duk ranar da aka ajiye na'urar sanƙo zai ci gaba daga inda ya tsaya.

Na'urorin da aka tantance suna kamawa daga ɗaruruwan daloli zuwa sama da dubu, kuɗin da zai sayi minoxidil na tsawon lokaci. Minoxidil da finasteride sun fi leza tarin shaida da daɗewa a hannun likitoci, ko da yake su ma suna da nasu sharuɗɗa. Finasteride, alal misali, haɗari ce ga ɗan tayi namiji, shi ya sa ake nisanta ta daga mai ciki. Likitocin fata da yawa suna kallon leza a matsayin ƙari a kan waɗannan, ko mafita ga wanda jikinsa ya ƙi su. Wanda likita ya tabbatar masa sanƙon gado ne a matakin farko, kuma aljihunsa zai ɗauka, yana iya gwadawa: ya ɗauki hoton kansa a ranar farko, ya maimaita duk wata a wuri ɗaya, da haske ɗaya, da tsawon aski ɗaya, sannan ya kwatanta bayan wata shida. Idan hotunan ba su nuna bambanci ba, ya koma wurin likitan a sake duba dalilin zubar.