Oksijin Ba Ya Ƙarasa Mara Lafiya, Jinkiri Ne Ke Kisa

Daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, da an ce "an sa wa wane oksijin" sai ka ji an ɗauki salati, kamar an yi sanarwar rasuwa. Har akwai masu rantsuwa cewa iskar ce ke ƙarasa mara lafiya, shi ya sa wasu iyaye kan hana a sa wa ɗansu robar a hanci.

Wannan ƙarya ce. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa kullum oksijin ne, na asibiti kuwa shi ne dai aka tace aka tara a tukunya. To me ya sa ake ganin mutuwa bayan an sa? Jinkiri. Yaro ya yi kwana da kwanaki yana numfashi sama-sama, awazunsa na faɗawa, an gwada jiƙe-jiƙe, an gwada kemis, ga tsoron bin hanya da dare saboda 'yan bindiga. Kafin a iso asibiti limoniya ta riga ta ci huhu, sai oksijin ya kwashi laifin da ba nasa ba. Ma'aikacin lafiya kuma ba da ka yake sa shi ba. Akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa: ga mai lafiya takan nuna 95 zuwa sama, in ta gaza 90 jini na neman agaji.

Zancen cewa mutum zai saba da oksijin har ya kasa numfashi da kansa, shi ma ba shi da tushe. Yana samun sauƙi ana rage masa har a cire.

Amma ba duka zantukan ne ƙarya ba. Oksijin magani ne mai ma'auni. In ya yi wa bakwaini yawa yana iya lalata masa ido, don haka mai jinya ya daina murɗa kan tukunya da sunan taimako. Oksijin kuma yana rura wuta, kada a kusance shi da taba ko ashana. Tukunyar masu walda kuwa ba ta mara lafiya ba ce.

Abin tsoron na gaske yana gida: kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, da janareto a bakin taga. Suna fitar da guba marar wari mai hana jini ɗaukar oksijin, mutum ya wuce cikin barci.

Jama'a, in yaro ya fara numfashi da sauri, a kai shi asibiti a ranar. In likita ya ce a sa oksijin, ku bari a sa.